Na gwada Fing saboda baƙin da na gani a waifai ɗinmu a Nima

Jama'a data ce ta sa na sauke Fing, manhajar nan mai nuna na'urorin da ke haɗe da waifai ɗinka. A gidanmu nan Nima, unguwa a Accra ta Ghana, mu uku ne muke haɗa kuɗi ta MoMo (kuɗin waya) muna zuba wa rauta ɗaya, ni da yayana da ƙanwarmu mai karatu a jami'ar Legon, kuma abin da muka saba yana kai mu ƙarshen wata sai ga shi tun ranar 18 ko 19 ya ƙare, wata biyu a jere. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, duk wanda ke tsakar gida waifai ɗin na kai masa, to kun san inda zuciya za ta fara zuwa.

Wani yaro mai gyaran waya a Circle nan Accra ne ya ce min in sauke Fing, kyauta ce a Play Store. Ka haɗa wayarka da waifai ɗin ka danna sikanin, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta jero min na'urori 11, alhali a lissafina 9 ne namu. Kowace na'ura ta kawo lambar IP ɗinta (adireshinta a kan waifai ɗin) da lambar MAC (lambar shaidarta), galibi har da sunan kamfanin da ya ƙera ta. MAC ɗin nan harafi da lamba 12 ne, shida na farko su ne shaidar kamfani, da su manhajar take gane wannan Samsung ce, waccan HP. Nan kam ta burge ni, talabijin da laftof da wayoyi duk na gane su nan take.

Saura biyu. Ɗaya an rubuta Espressif, sunan da ban taɓa ji ba, wallahi gabana ya faɗi na ɗauka wani ne ya yi mana kutse. Ashe kamfani ne a Shanghai can Chaina da ke yin 'yan ƙananan cif na waifai irin su ESP8266 da ESP32, waɗanda ake sawa cikin ƙwan fitila da soket masu aiki da waya. Sai na bi gida ina kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya ina sake sikanin, da na kashe fitilar ɗakin Hajiya daga bango sai Espressif ya ɓace. Ƙwan da yayana ya sayo mata ne don kada ta riƙa tashi da dare tana laluben makunni, shi kansa ya manta ya haɗa shi da rauta. Kuma irin wannan ba ya cin wata data ta kirki.

Ta biyun ce ta ba ni wahala, babu sunan kamfani ko kaɗan. Wannan ba laifin manhajar ba ne, tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi suna ƙirƙirar MAC na bogi ga kowane waifai don kada a riƙa bin sawun mai wayar. Ga yadda za ka gane: duba harafi na biyu, in 2 ne ko 6 ko A ko E to ƙirƙirarre ne. Na wannan na'urar 6 ne, kenan waya ce, amma ta wa? Na yi niyyar in tunkari maƙwabcinmu na ɗakin ƙarshe, Hajiya ta ce “kai ɗan nan, kada ka ɗora wa mutum sata ba ka gani da idonka ba, shekara nawa muna sallah sahu ɗaya da mutanen nan.” Na gode Allah da na ji maganarta.

Abin da na yi, na shiga shafin rautar ta 192.168.8.1 (naku zai iya zama daban, adireshin na jikin takardar da ke manne a rautar), na canza kalmar sirri, na bar tsarin kulle waifai ɗin a WPA2, na kashe WPS (hanyar haɗuwa da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba), na kuma canza kalmar admin ta shiga shafin rautar da take tun daga shago. Da magariba ɗan yayana ya zo yana sunkuyar da kai, “Baba ƙarami ni ne,” wai abokinsa na makarantar allo ya ba wa tsohuwar kalmar sirrin ta QR ɗin nan da waya ke nunawa, yaron kullum da yamma yana zaune bakin ƙofarmu yana kallon ƙwallo a YouTube. Maƙwabcin da na zarga bai san ma ana yi ba.

In za ku yi sikanin ku yi fiye da sau ɗaya, da safe da kuma dare, don abin da ke haɗe a lokacin take gani, yaron nan da ƙarfe 10 na safe na duba da ban gan shi ba. Duk na'urar da ka gane ka sa mata suna a ciki, yanzu tawa akwai “fitilar Hajiya”. Ban biya ko sidi ɗaya ba, ta kyautar ta ishe ni, kuma datar wannan watan yau 27 ga wata tana nan da saura.