Gargaɗi ga masu a-kori-kura a Kaduna kan damfarar canjin rak ɗin sitiyari

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan'uwana masu Hilux da sauran motocin a-kori-kura a Kaduna, musamman waɗanda ke ɗauko kayan gona ta hanyar Kachia ko ta Birnin Gwari, inda ramuka ba sa barin ƙafar mota ta huta. Akwai wasu da suka mayar da ƙarar sitiyari hanyar cin kuɗin mutane da sunan canjin rak, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyin gaba, kuma ni kaina na faɗa hannunsu kafin na gane yadda suke aiki.

Motata ta fara wata ƙara, ƙwas-ƙwas, duk lokacin da na taka gargada ko na karya kwana a hankali. Na kai ta wani gareji da ba zan ambaci sunansa ba, bakaniken ya murza sitiyarin sau biyu kawai, ya girgiza kai, ya ce mini, "Alhaji, rak ya mutu, idan ka hau babban titi da shi ba ruwana." Nan take ya kira wani mai sayar da kayan gyara a waya, wanda ya ce yana da ɗan Baljiyam guda ɗaya tak, kuma wani ya riga ya taya. Tsoro da gaggawa suka haɗu, na biya kuɗin kafin yamma. Ƙarar ta ɗauke, amma bayan mako biyu ta dawo yadda take. Da wani dattijon mai gyaran ƙafa ya kwanta ƙarƙashin motar, sai ya nuna mini cewa rak ɗina ne na asali aka wanke da fetur, aka fesa masa baƙin fenti, aka sanya masa sababbin robobi, sannan aka danna giris mai kauri a cikin tayarod ɗin da ya cinye domin ya yi shiru na ɗan lokaci. Wato na sayi kayana da kuɗina. Dattijon ya ƙara da cewa na ma yi sa'a, domin wasu cire musu rak mai lafiya ake yi a sanya musu gajiyayye, nasu kuma a sayar wa na gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne tayarod ɗin da aka bari. Shi ne ke haɗa rak da taya, kuma idan ya tsinke mota na gudu, tayar za ta juya inda ta ga dama, sitiyari kuwa ba zai ƙara yi mata magana ba. Da wannan ƙarfe na yi mako biyu ina ɗaukar kaya da yaran mota a baya.

Jarin waɗannan mutane shi ne rashin sanin cewa ƙarar sitiyari iri-iri ce, kuma yawancinta ba daga rak take fitowa ba. Idan kuka ne mai kama da gunji wanda ke ƙaruwa yayin da ake murza sitiyari, a fara buɗe tankin man sitiyari: ko man ya yi ƙasa, ko iska ta shiga, wadda ake gane ta da kumfa a saman man, ko kuma famfon ne ya fara gajiya. Idan ƙara ce mai tsini da safe ko idan an kai sitiyari ƙarshe, sau da yawa bel ne ya saki. Bugu a kan gargada ya fi zuwa daga tayarod, ko boljoyin (mahaɗin da taya ke juyawa a kansa), ko bushin (robobin da ke tsakanin ƙarafan ƙafa), ko ƙaramin ƙarfen da ke riƙe da sitabilaiza (sandar da ke rage karkatar mota a kwana). Ƙas-ƙas a kwana mai tsanani a motar da ke ja da ƙafa huɗu kuwa yakan nuna kan shaf ne, wato mahaɗin sandar da ke juya tayar gaba. Duk waɗannan kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin rak ba. Hilux da aka ƙera daga 2005 zuwa yau da rak take aiki, yayin da tsofaffi da yawa akwatin sitiyari gare su, saboda haka mai tsohuwar mota ya fara tabbatar da abin da ke jikin motarsa kafin a sayar masa da abin da ba ta da shi.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A ɗaga gaban motar da jak a tokare ta da kyau, a kama taya ta dama da hagu a girgiza. Idan ta yi wasa, a dubi tayarod na waje da na ciki. A kama ta sama da ƙasa. Wasa a nan na boljoyin ne ko boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke gudu a kansu. Sannan a sauke motar, wani ya riƙa motsa sitiyari kaɗan-kaɗan injin na kashe, kai kuma ka ɗora hannu a kan kowane ƙarfe, domin wanda ke bugu za ka ji shi a tafin hannunka. Rak ɗin da ya lalace da gaske yakan tara mai a cikin robobin da ke rufe bakinsa biyu, ko sitiyari ya yi wasa alhali sauran ƙarafan duk lafiya suke.

Saboda haka kada ka ba da ko sisi sai an nuna maka wasan da idonka. Idan canjin ya zama dole, ka yi wa tsohon rak alama da kurfi a wurin da fenti ba zai ɓoye ba, ka ɗauki hotonsa, ka ga wanda za a sanya a ajiye kusa da naka kafin a ɗaura, ka karɓi rasit mai sunan shago, kuma ka tafi da tsohon gida. Bakaniken kirki ba ya jin haushin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda aka riga aka cuta kuma ya kai ƙara wurin shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA na yankin ko ofishin 'yan sanda, ya tafi da rasit ɗinsa da hotunan, kuma kada ya bari a sake kwance rak ɗin kafin waɗanda zai kai wa ƙarar su gan shi a jikin motar.