Polan da Hangari: Wa Ya Fi Dacewa Wajen Raba Mulki?

Da mulkin gurguzu ya rushe, Polan da Hangari duk sun mayar wa garuruwa ikon zaɓen shugabanninsu a 1990, amma kowa da hanyar da ya bi.

Hangari ta saki linzami gaba ɗaya. Kowane ƙauye ya samu majalisarsa, har ƙananan hukumomi suka haura 3,000 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 10 da ɗoriya ba. Abin ya yi daɗi da farko, don mutane sun gaji da jiran umarni daga sama. Sai dai ka duba ƙauye mai mutum 400 da aka ɗora wa nauyin makaranta da ruwan sha da gyaran hanya, alhali harajinsa bai taka kara ya karya ba. Bashi ya yi wa hukumomi da yawa katutu. Daga baya gwamnatin Firaminista Viktor Orban ta ɗauke bashin, ta kuma karɓe asibitoci, a 2013 kuma ta karɓe makarantu.

Polan ta bi sannu. Ta fara da ƙananan hukumomi kusan 2,500 masu ɗan girma. Sai a 1999, zamanin Firaminista Jerzy Buzek, ta rage larduna daga 49 zuwa 16, ta kafa gundumomi a tsakani.

Ni dai hanyar Polan ta fi kwanta mini a rai, duk da garuruwan da suka rasa matsayin hedikwatar lardi sun ji jiki, ofisoshi da ayyuka suka bar su. Lardunan nan 16 su ne daga baya suka riƙe wani kaso mai tsoka na kuɗin raya ƙasa na Tarayyar Turai, bayan Polan ta shiga ƙungiyar a 2004.