Buntun shinkafa: a ƙona ko a kai gona?

A Argungu da Birnin Kebbi, buntu kan taru tsibi-tsibi a bayan injinan casar shinkafa. Ƙonawa ta fi sauƙi, ashana ɗaya ta isa. Matsalar ita ce buntu ba ya cinyewa da wuri. Sai ya yi kwanaki yana ci ta ciki, hayaƙi na bin gidaje. Da hunturu, ga hazo ga hayaƙi, masu asma da jarirai su kwana tari. In leda ta shiga ciki kuwa, abin sai addu'a.

Kai shi gona sai an biya ɗan dako, ga jinkirin ruɓewa. Amma masu kiwon kaji na shimfiɗa shi a ɗakin kaji, ya haɗu da kashinsu ya zama taki mai kyau. Ni kam nan na karkata.