ProCyclingStats: yana kashe rabin musun masu kallon tseren keke, ɗaya rabin kuma sai dai a ci gaba da yi

Duk wanda ke bin tseren keke na ƙwararru kuma yake tsoma baki a musun wane ya fi wane, to ko yana so ko baya so sai ya leƙa ProCyclingStats, wanda 'yan harkar ke ce wa PCS a taƙaice. Shafin intanet ne, kyauta kake buɗewa ka duba, aikinsa tara sakamakon tsere na maza da na mata, tun daga manyan gasa irin su Tour de France ta Faransa da Giro ta Italiya da Vuelta ta Sifen, waɗanda ake yi zango-zango har mako uku, har ƙananan da ko talabijin ba ta haska su. Ni a wajena shafin ya yi, wajen toshe bakin mai shaci-faɗi ban ga kamarsa ba, matsalar dai ita ce mutane na ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne shafin kowane ɗan tsere. Ka rubuta sunan mutum kawai sai ga komai ya fito, shekarunsa, ƙasarsa, tsayinsa da nauyinsa, ƙungiyoyin da ya yi wa wasa shekara bayan shekara, da duk tseren da ya shiga da matsayin da ya ƙare, har ranar da ya ajiye keke bai ƙarasa ba an rubuta. To ka ga idan wani ya zo yana cewa ai Tadej Pogačar ɗan Sloveniya sa'a ce kawai ke binsa, ba sai ka tada jijiyar wuya ba, ka buɗe masa shekarar 2024 ya gani da idonsa, nasara 25 a kaka ɗaya, ya ci Giro da zango 6, ya zo ya ci Tour da zango 6, sannan ya je Zurich ya ɗauki kofin duniya bayan ya ɓalle tun saura kusan kilomita 100, abin da kafin shi mutum biyu ne kacal a maza suka taɓa haɗawa a shekara guda, Eddy Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987. Akwai ma wani ɗan layi a gefen sakamakon tsere da ke faɗa maka yadda aka ci, ko a gudun ƙarshe ne cikin gungu ko mutum shi kaɗai ya iso, a tseren Strade Bianche na 2024 da Pogačar ya ci za ka ga an sa kilomita 81 shi kaɗai. Wannan ɗan layin wallahi ya fi min wasu dogayen sharhi amfani.

Sai wajen gwada mutum biyu kai da kai, kuma nan ne rigimar take. Ka sa Pogačar ka sa Jonas Vingegaard ɗan Denmark, shafin zai jero maka tseren da suka haɗu da wanda ya riga wani. A Tour kaɗai shekara biyar a jere su biyun ne na ɗaya da na biyu, 2021 Pogačar da tazarar minti 5 da daƙiƙa 20, 2022 Vingegaard da minti 2 da 43, 2023 Vingegaard kuma da minti 7 da 29, 2024 Pogačar ya rama da minti 6 da 17, 2025 ya ƙara da minti 4 da 24. Uku da biyu kenan, kuma kowane ɓangare sai ya tsinci shekarar da ta yi masa daɗi ya riƙe. Masoyan ɗan Denmark za su ce maka dubi 2023, a tseren agogo na Combloux, inda kowa ke tashi shi kaɗai ana auna lokacinsa, Vingegaard ya ba Pogačar tazarar minti 1 da daƙiƙa 38 cikin ɗan gajeren zango, washegari a hawan Col de la Loze Pogačar ya zube gaba ɗaya. Duk gaskiya ne, yana nan a rubuce. Abin da jadawalin ba zai ce maka ba shi ne a watan Afrilun 2023 ɗin Pogačar ya karya wuyan hannu a tseren Liège, makonni ya yi bai samu atisaye yadda ya kamata ba, kai dai za ka ga alamar bai ƙarasa tseren ba sai kuma wani dogon fili babu komai. Haka su ma masoyan ɗan Sloveniya da ke tinƙaho da 2024, ai Vingegaard daga gadon asibiti ya taso, a Afrilu ya yi mummunar faɗuwa a tseren yankin Basque, ƙashin kafaɗa ya karye, haƙarƙari suka karye, huhu ya huje, amma a hakan ya zo ya yi na biyu har ya doke Pogačar a gudun ƙarshe a Le Lioran. To a cikin biyar ɗin nan sau nawa ne duka biyun suka zo da cikakkiyar lafiya kuma kowa na kan ganiyarsa? Wannan tambayar PCS ba shi da amsarta, kuma ita ce ainihin abin da ake musu a kai.

Wani wajen da alƙaluman ke yaudarar sabon shiga shi ne aikin 'yan dako, waɗanda ke ja wa shugaban ƙungiya gaba suna tare masa iska suna ɗebo masa ruwa. Ɗauki zango na 11 na Tour ɗin 2022, ranar hawan Col du Granon. Idan sakamako kawai ka duba za ka ga Vingegaard ya ci, Pogačar ya yi asarar kusan minti uku da rigar ruwan ɗorawa ta mai jagorantar gasar, Primož Roglič, ɗan ƙungiyar su Vingegaard, kuma yana can baya kamar bai yi komai ba. Amma wanda ya kalli tseren ya san tun wajen hawan Télégraphe da Galibier Roglič da Vingegaard suke ta kai masa hari bi da bi, wannan ya tashi Pogačar ya bi, kafin ya numfasa wancan ya tashi ya sake bi, da ƙuruciya da zafin kai ya riƙa amsa kowane ɗaya har ƙarfinsa ya ƙare tun kafin hawan ƙarshe. Roglič ne ya ƙona kansa aka ci wannan ranar, a shafin kuwa ba maki ba godiya. Shi ya sa nake jin haushi idan wani ya kawo jerin makin PCS yana cewa wane bai da amfani a ƙungiya.

Maganar Merckx kuwa, nan sai a yi hattara sosai. Shafin yana da tarihinsa, Tour 5, Giro 5, Vuelta 1, manyan tseren yini ɗaya guda biyar ɗin nan da ake ji da su ya ci su sau 19, Milan-San Remo kaɗai sau 7. Za ka ji ana ta ambaton nasara 525, amma adadin da PCS ke nunawa bai kai haka ba ko kusa, saboda wancan lissafin ya haɗa har da na lokacin da bai zama ƙwararre ba da ƙananan tseren zagayen gari. Ba laifin shafin ba ne, gara ma da suka tace. Amma ka jera makin mutumin shekarun 1970 da na mutumin yau ka ce ka gama hukunci, wannan son zuciya ne. A zamanin Merckx kusan duk ayarin 'yan Beljiyam da Italiya da Faransa da Sifen da Holan ne, keken ƙarfe, ba rediyo a kunne, ba na'urar auna ƙarfin ƙafa, kuma mutum yana tsere kusan duk shekara. Yau ga 'yan Sloveniya ga 'yan Kolambiya ga Biniam Girmay na Eritiriya da ya ɗauki koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a Tour ɗin 2024, kuma manyan kan zaɓi tseren da za su shiga su yi sauran lokacin a sansanin atisaye kan tsauni. Akwai wani maki da shafin ke bayarwa na ingancin waɗanda suka shiga tsere, yana taimakawa ka bambance nasarar da aka ci a gaban manya da wadda aka ci ba kowa, amma cikin zamani ɗaya yake da ma'ana.

Masu son lissafin wat nawa, wato ma'aunin ƙarfin ƙafa, mutum ke bugawa a kan kowane kilo na jikinsa, da masu zargin ko ana shan wani abu tunda Pogačar ya karya tarihin saurin da tsohon ɗan tsere Marco Pantani ya kafa a hawan Plateau de Beille da sama da minti uku a 2024, su kam ba nan ne wajensu ba, sai su nemi wani wurin.

Lokacin da ake cikin tsere akwai shafin kai tsaye, kuma ga wanda ba ya gaban talabijin ko datarsa ba ta da yawa abin ya yi daidai, yana nuna saura kilomita nawa, su waye suka ɓalle, tazarar minti nawa ce tsakaninsu da gungu, da zanen hanyar ka ga inda hawa yake. Rubutu ne da lambobi, ba bidiyo. Abin da zan rage masa maki a kai, da Turanci yake, gajerun haruffa sun yi yawa ba tare da bayani ba, sabon shiga zai ɗan sha wuya kafin ya gane, kuma a waya jadawalin ya cushe ga talla. Wanda bai ji daɗinsa ba yana iya gwada FirstCycling, kusan aiki ɗaya suke yi.

Kuma ko su masu cewa Pogačar ya gama da kowa, shafin nan dai shi zai ba su kunya idan suka zaƙe. A Kigali a 2025 ya ci kofin duniya karo na biyu, haka ne, amma mako guda kafin nan a tseren agogo Remco Evenepoel da ya taso minti biyu da rabi a bayansa ya cim masa a hanya ya wuce shi, Pogačar ya ƙare na huɗu. A Paris-Roubaix ta 2025 ɗin Mathieu van der Poel ne ya ci bayan Pogačar ya kuskure kwana ya faɗi. Zuwa ƙarshen kakar 2025 ba Roubaix ba San Remo ba Vuelta a jerin kofunansa, Merckx kuwa duka ukun suna nan a nasa shafin, ka buɗe ka ƙirga.