Wata huɗu ina koyon kilarinet wajen wani tsoho a Yantala

To jama'a masu tambayata a ina nake koyon busa kilarinet, abin busan Turawa mai kama da algaita, ga labarin. Wani dattijo ne a Yantala nan Yamai, tsohon mai busa a fanfar, wato badujalar soja, ya yi ritaya yana koyarwa a zauren gidansa. Jikka uku duk zama, awa ɗaya wai, amma in hira ta yi daɗi sai ku kai magariba.

Ni da na je ina ganin na iya fa, shekara biyu ina bin bidiyo a YouTube, yatsuna na gudu. Ya ɗora min takardar Adagio, wato sashen da ake busawa a hankali, na konsaton (dogon kiɗan kilarinet) Mozart, shahararren mai tsara kiɗan nan na Turai, wanda ya rubuta wa abokinsa Anton Stadler a 1791 ana saura ƴan makonni ya rasu, ya ce bismilla. Na busa kowane not, wato kowane sautin da ke rubuce, daidai, ban yi kuskure ko ɗaya ba, na ɗago ina jiran yabo. Sai ya ce "ɗana, wannan ai lissafin kuɗin cefane ka karanto min." Wallahi na ji kunya.

Ya karɓi kilarinet ɗin ya ajiye kan tabarma, ya ce in rera layin da baki. Ina rerawa yana bina da fensir, duk inda na ja numfashi da kaina sai ya sa ɗan waƙafi a saman takardar, ya ce nan ne maganar ta tsaya, to nan za ka shaƙa, ba inda iska ta ƙare maka ba. Kuma kowace jimla tana da not guda da take nufa, ka taho masa a hankali kana ƙara iska daga ciki, in ka iso ka sauka ba tare da ka yar da na ƙarshe ba. Har yau muna kan mizir takwas na farko, wato ƴan gaɓoɓin da aka yanka kiɗan a takarda. Takwas kacal! Na ce Baba masu algaita fa ba sa tsayawa, suna shaƙa ta hanci kumatu na tura iska, ya yi dariya ya ce wannan gaban sarki ne, nan shirun ma cikin kiɗan yake.

Wani abin da ya gyara min shi ne tsallakawa daga not ɗin da ake kira si bemol na tsakiya zuwa na gabansa, si, inda yatsu duka ke rufewa lokaci guda sautin ya yi kamar an yi tuntuɓe, ya ce in riƙa ajiye yatsun hannun dama tun kafin in iso. Kilarinet iri-iri ce, tawa ta si bemol ce alhali Mozart don irin da ake kira ta la ya rubuta, ya ce ba komai tunda ba da makaɗa nake busawa ba.

Inda ban ji daɗi ba, Baba bai san lokaci ba, sau biyu na biya kabu-kabu na tarar ya tafi suna bai kira ba. Zauren ga zafi in wuta ta ɗauke. Ansh kuma, ɗan karan nan na baki, kai za ka zo da abinka, ni na kamfanin Vandoren lamba 2,5 nake sa wa a kawo min daga Faransa, kwali mai goma, da hunturu iskar nan ke busar da su sai na jiƙa a kofi kafin mu fara.

In yatsu kake so su yi gudu kada ka ɓata kuɗinka, ba ruwansa da wannan. Ni dai na biya na wata mai zuwa, ya ce za mu shiga mizir na tara.