Makarantar gwamnati, ta kuɗi ko ta ƙasa da ƙasa: abin da mazaunin Saudiyya zai auna kafin ya sa yaro

Magidancin da ke zaune da iyalinsa a Makka, Jidda ko Madina yana da hanyoyi uku idan yaro ya isa shiga aji ɗaya: makarantar gwamnati, makarantar kuɗi mai bin manhajar Saudiyya wadda ake kira ahliyya, da makarantar ƙasa da ƙasa. Kafin a yi maganar kuɗi, akwai tambayar da ta kamata a fara amsawa, wato a ina ake sa ran yaron zai ci gaba da karatu bayan sakandare, domin wanda zai nemi jami'a a nan da wanda zai koma Kano ko Zariya ba shiri ɗaya suke bukata ba.

Makarantar gwamnati kyauta ce, har da littattafai, kuma ana karɓar 'ya'yan baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, idan akwai gurbi, ta hanyar rajista a shafin Nur na Ma'aikatar Ilimi. Saudiyya ba ta ƙyashin kashe wa ilimi kuɗi, domin abin da take ware wa fannin a 'yan shekarun nan yana kusa da riyal biliyan 200 a shekara, sai dai kuɗin bai sayo sakamakon da ya yi daidai da shi ba tukuna. A jarrabawar PISA ta 2022, wadda ake yi wa 'yan shekara 15, ɗaliban ƙasar sun sami maki 389 a lissafi da 383 a karatu, alhali matsakaicin makin ƙasashen ƙungiyar OECD mai shirya jarrabawar a lissafi 472 ne. Komai kuma daga sama yake saukowa, shugaban makaranta ba shi da ta cewa a kan manhaja ko kalanda: a 2021 aka raba shekarar karatu zango uku, a 2025 aka koma zango biyu. Duk da haka, a ganina babu inda yaro zai sami Larabci da ilimin addini mai kauri a sauƙaƙe kamar nan, musamman a makarantun tahfiz na gwamnati, kuma tun 2021 ana fara Turanci daga aji ɗaya, ko da yake sa'o'insa ba za su ishi mai shirin rubuta WAEC ba.

Ahliyya manhajarta ita ce ta gwamnati, abin da ake saye shi ne ƙarancin ɗalibai a aji, ƙarin Turanci da motar ɗaukar yara. A nan ne ya kamata uba ya zauna da biro da takarda. Harajin VAT kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, kuma gwamnati tana ɗauke wa 'yan ƙasa shi a kuɗin makaranta, amma baƙo shi zai biya da kansa, don haka makarantar da ta rubuta riyal 10,000 a takardar tallarta riyal 11,500 take nufi, kafin a zo kan kuɗin rajista, yunifom da mota. Idan aka haɗa da kuɗin murafiƙin, wato kuɗin da baƙo ke biya a kan iyalin da ke zaune ƙarƙashin iƙamarsa, riyal 400 a wata a kan kowane mutum, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku ya riga ya fitar da riyal 1,600 kowane wata tun yaro bai riƙe fensir ba. Gini mai kyalli ba hujja ba ce. Hukumar Tantance Ilimi da Horarwa, wadda ke shirya jarrabawar Nafis ta 'yan aji uku da shida da tara, tana fitar da jerin Tartib da ke nuna matsayin makarantun sakandare bisa makin ɗalibansu a Ƙudurat da Tahsili, jarrabawoyin neman shiga jami'a a Saudiyya, kuma akwai makarantun gwamnati da suke shan gaban na kuɗi a cikinsa. Wanda zai biya kuɗi, ya fara duba sunan makarantar a can, sannan ya tambayi malamai nawa suka bar aiki a bara, domin yawan sauya malami shi ne ciwon da ke cin ƙananan makarantun kuɗi.

Makarantar ƙasa da ƙasa ita ce mafi tsada in an ɗebe na al'ummomi, irin na Indiya da na Fakistan a Jidda, waɗanda suke da rangwame amma suna fifita 'ya'yan ƙasashensu. Amfaninta a fili yake ga mai niyyar komawa Najeriya, inda jami'a ke neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ga kuma JAMB. Illarta ita ce yaro yana iya girma a Shara Mansur ta Makka ya fito da Larabcin kasuwa kawai, sai an haɗa masa da halƙar Alƙur'ani da yamma.

Sauya layi a tsakiyar hanya yana da wahala, musamman bayan aji shida, domin sai an yi mu'adalar takardu, wato a daidaita takardun karatunsa da sabon tsarin, yaron kuma yakan yi shekara yana fama da sabon harshen koyarwa. Sannan iƙamar yaro da ta mahaifinsa su kasance da rai a lokacin rajista, domin shafin Nur da lambar iƙama yake aiki.