Adaftar Android Auto marar igiya: wata huɗu ina yawo da ita a Zariya

Igiyar caja uku na kashe a cikin shekara ɗaya kafin na haƙura na sayi adaftar nan mai haɗa waya da sikirin ɗin mota ba igiya. Motata Honda Accord ce ta 2017, 'yar Kwatano, tana da Android Auto da CarPlay (masu nuna taswira da kira na waya a sikirin ɗin mota, na farko na wayar Android, na biyu na iPhone) amma sai an jona igiya, kuma duk wanda ya san hanyar da ke shiga unguwarmu ya san da ka faɗa rami ɗaya igiyar ta motsa shi kenan taswira ta ɗauke, karatu ya tsaya, sai ka gangara gefe kana cirewa kana mayarwa 'yan acaba na ta maka hon.

A wani shago a PZ nan cikin Zariya na saya, naira dubu 38 bayan mun sha ciniki. Girmanta bai fi kwalin ashana ba, ba ta da wani suna na kirki a jiki, irin 'yan Chanan nan ne. Akwai masu suna kamar Carlinkit da Ottocast da Motorola MA1, ni dai aljihuna ya zaɓa min.

Kafin komai dan Allah ku fahimci wannan, don a gabana wani bawan Allah ya dawo da tasa shagon yana ta faɗa wai an cuce shi. Adaftar ba ta sa wa mota abin da ba ta da shi. In sikirin ɗinka ba ya yin CarPlay ko Android Auto da igiya, ko goma ka saya ba abin da zai fito. Shi tsohuwar Camry ɗin nan da ake kira Muscle gare shi da rediyon kamfani, to ina zai yi? Toyota ba su fara sa CarPlay a Camry ba sai ta 2019, Android Auto kuma sai ta 2020. Yaron shagon ya ce masa “Alhaji ai da ka faɗa min motar tun farko”, shi kuma ya ce ai ba a tambaye shi ba. Haka wayar ma, sai mai kama Wi-Fi na 5GHz, in Android ce a samu 11 zuwa sama, ƙananan wayoyi da yawa 2.4GHz kaɗai suke kamawa. Ka je da motarka da wayarka a gwada a ƙofar shago kafin ka tura kuɗi.

Yadda take aiki ba wuya. Ka soka ta a USB ɗin da ke kai wa sikirin, ba na caji zalla ba, ka haɗa da bulutut sau ɗaya. Bulutut ɗin sallama ce kawai, da sun gaisa sai su koma Wi-Fi, ta nan hoto da sauti ke bi. Ni daga tayar da mota zuwa taswira ta fito kamar sakan 20 ne, kafin na fita get ta kama.

Kuma wlh a cikin gari daɗinta ba a magana. Na sauke yara a makaranta, na biya Sabon Gari, na tsaya Kwangila, na wuce Samaru, duk shiga da fitan nan waya na aljihun riga ban taɓa ta ba, ina dawowa karatun ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ramuka kuwa sun daina yanke min komai.

To ga inda take cizo. Batir take sha kamar me, kuma wayar na zafi. Watan Afrilu na kama hanyar Kaduna da rana tsaka da kashi 80, taswira a kunne, kafin na kai Jaji wayar ta yi zafin da ba ka iya barin ta a aljihu, ina shiga Kawo ta koma 40 da wani abu. Ƙarshenta sai da na nemo igiya na jona a wurin kunna sigari, wato igiyar da na biya dubu 38 don na rabu da ita. Yanzu in tafiya ta wuce awa ɗaya cire adaftar nake na koma igiya kai tsaye, ga caji ga kwanciyar hankali. Sannan ba ka kunna hotspot tana aiki, don ta riƙe Wi-Fi ɗin, yara sun yi ƙorafi har sun gaji. A kira ma akwai ɗan jinkiri, kai da mai kiran sai ku riƙa cin karo a magana kamar kiran ƙasar waje na da.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na safe. Da sanyin nan nakan tayar da mota ta yi ɗumi, yara su shiga, ni na koma falo shan shayi. Ashe tana kamawa ta bango. Oga na ya kira, na ɗauka ina ta halo halo shiru, ashe muryarsa na can cikin sifikun mota, autata tana ba shi amsa: “Baba yana shan shayi, ya ce yau sai ya makara.” Tun ranar nake kashe bulutut sai na zauna a sitiyari.

Da uwargida kuma wata rigimar ce, in mun shiga tare wayar da ta yi amfani da ita ƙarshe take kamawa, rannan har Tudun Wada muka je ina jin saƙonnin gurup ɗin bikin ƙanwarta suna ƙara a sikirin.

Ranar da ta ƙi kamawa gaba ɗaya sau biyu ne a wata huɗu, na cire na mayar ta dawo. Ƙanina mai iPhone ya are ta kwana uku, tunda tana yin CarPlay ma, ya ce a wurinsa ta fi saurin kamawa ma, har yanzu yana min magiya na sayar masa a dubu 25, na ce ya je PZ ɗin da ƙafarsa.